Waya a Kan Gwiwar Mbah Parinem

"Barka da Sallah, amarya. Wannan ado haka, wa za a aura?"

"Barka kadai, mijin banza. Ba dai kai ba. Namijin da ya zo daga Surabaya da waya ɗaya a hannu, ko kifi busasshe bai riƙo mini ba."

Haka Galih da kakarsa Mbah Parinem suke gaisawa tun yana rarrafe, yanzu kuwa har ya yi gemu yana kai wa mutane kaya a babur a birni. Ni ce maƙwabciyarsu, mai shagon katin waya a bakin hanyar ƙauyenmu, can saman duwatsun Ponorogo a tsibirin Jawa. An sauko daga Idi ke nan na shiga musu da kwanon ketupat, shinkafar da ake dafawa a saƙar ganyen kwakwa, da miyar kaza, na tarar tsohuwa ta hakimce a kujerar katako ta tsakar ɗaki, wadda ake zama a kai idan 'ya'ya za su yi sungkem, wato su durƙusa su ɗora goshi a gwiwar iyaye su nemi gafara.

Na san abin da take jira, don ni nake karanta mata saƙonni. 'Yarta Lastri, uwar Galih, ta tafi aikatau Hong Kong shekaru da dama da suka wuce, ba da son uwar ba. Ranar tafiyar ta miƙa hannu, Mbah ta kau da kai. Tun daga nan sai gajeren kira da saƙon "ina lafiya", ba wadda ta ƙara ganin fuskar wata. Bana Lastri ta ce za ta yi sungkem ta kiran bidiyo. Safiyar nan kaɗai uwar ɗakinta ta ba ta, kafin azahar dole ta koma bakin aiki. Mbah ta ce wai ita ko a jikinta, amma tun asuba ta sa rigar da ba ta taɓa sawa ba.

Galih ya zaro wayar yana juya ta a hasken taga.

"Tsohuwa, buɗe idonki ki ga abin duniya. Ido uku gare ta a baya. Da ita na ɗauki hoton wata, har ƙurajen fuskarsa sai da suka fito."

"Ni ido biyu Allah ya ba ni, da su na ga kakanka na ce ina so. Mai ido uku ai aljani ne."

"Fuskata kawai take gani ta buɗe."

"Kai, wayar nan tana da haƙuri. Ni in na ga fuskarka rufewa nake yi."

Ta laluba ƙugunta ta fito da tata, 'yar rakani-kashi da aka ɗaure da kyauron roba, lambobin duk sun goge.

"Ga waya. Ranar Juma'a nake mata caji, sai wata Juma'ar. Ta faɗa tukunyar miya, na tsame ta na lashe, na ci gaba da magana. Na jefi ɓera da ita, ɓeran ne ya mutu. Taka fa? Jiya na gan ka kana bin bango da igiya kamar mai kiwon akuya."

"Mbah, wannan ai ba waya ba ce, dutsen guga ne mai ƙara. Ni layin Kilat nake da shi. A Surabaya kafin shayina ya huce na sauke fim guda."

"Ni Kenari nake da shi. Har maƙabarta yana kaiwa. In na je share kabarin kakanka sai in ji ya fi ƙarfi, ina jin shi ne yake tura mini daga ƙasa."

"Kenari! Layin da za ki aika barka da Sallah ƙarama ta isa ranar Babbar Sallah?"

"Amma tana isa. To kira min uwarka mu ga gudun naka."

Ya shafa fuskar wayar. Ya sake shafawa. Na ga murmushinsa yana raguwa, ni kuwa na riga na san labarin, don duk Sallah sai 'yan birni sun zo shagona da irin wannan fuskar. Kilat layi ne na gaske a inda ƙasa take shimfiɗe, amma da ka wuce gadar ƙarfe ka fara hawan dutsenmu sai ya yi maka sallama. Sabis ko ɗigo babu. Saƙon da ya rubuta wa uwarsa tun jiya yana nan zaune bai motsa ba.

"Yaya dai, mai ido uku?"

"Yana zuwa. Iska ce."

Ya fita tsakar gida da hannu a sama. Ya zaga bayan rijiya. Ya tattare zanensa na Idi ya hau rufin garken awaki, awaki na kallonsa suna tuƙa. Mbah ta leƙo ta taga.

"Ƙara sama, angona! Hau bishiyar kwakwa, in ka faɗo na gaji babur!"

"Ki bari mana, Mbah!"

Da ya sauko ba wasa a fuskarsa. Rana ta ɗaga, can Hong Kong kuma suna gabanmu da awa guda. Sai ga rakani-kashi ta yi ƙarar nan tata mai kama da kukan gyare. Na karɓa na karanta: "Ina filin Idi ina jira. Me ya faru? Ko Mbah ce ba ta so?"

Tsohuwa ta gyara bakin mayafinta. Wallahi tausayinta ya kama ni, na ji haushin mijina da ya tafi gaida iyayensa da babbar wayarmu, na ji haushin kaina da sabbin layuka suka ƙare mini tun jajibere.

"In kira ta da taki kawai ku yi magana?" in ji Galih.

"Magana muna yi kullum. An taɓa durƙusa wa mutum a kunne?"

Ya zuba wa wayoyin biyu ido a kan tabarma. Can ya ɗago.

"Amarya, aure za mu ɗaura. Wayata, layinki."

"Layina ya shiga gidan aljani?"

"Mbah, katinki ya yi wa ramin girma. Sai an rage shi da almakashi."

Na sha ganin masu gyara suna yi, na kuma ga wanda hannunsa ya goce katin ya mutu murus. Lambar nan ita kaɗai Lastri take samun uwarta da ita, yau kuma ba ofishin da yake buɗe. Na faɗa musu haka ɓaro-ɓaro. Mbah ta dubi 'yar wayarta ta daɗe, sannan ta miƙa hannu ƙarƙashin kujera ta ɗauko almakashin da take yanka ganyen kwakwa da shi.

"Yanka. In ka kashe min layi, na sake ka saki uku a gaban shaida."

Kafin ya cire katin na ruga shago na loda mata data. Da na dawo ya ɗora nasa ƙaramin katin a kan nata yana aunawa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Dubi hannu yana kakkarwa. Haka kake tuƙa babur ɗin? Allah ya jiƙan mutanen Surabaya."

"Ki yi shiru, tsohuwa, tiyata nake yi."

Ya yanka gefe huɗu, ya goge bakin da dutsen wasa wuƙa. Ta zare fil daga mayafinta ta ba shi ya tsokano ramin. Ya saka, ya kunna. Mu uku muka haɗa kai a kan wayar kamar masu jiran tukunya ta tafasa. Sai ga sabis ya fito, ɗaya, biyu, uku. Saƙonnin da suka maƙale suka fara shigowa a guje, wayar na ta ƙara ba tsayawa.

"Kenari!" Mbah ta daki cinyarta. "Ka gaishe shi, mara kunya!"

Kafin ya rama, kira ya shigo. Ya shafa, sai ga Lastri.

Na sayar da katin waya shekara da shekaru, na ɗauka ba abin da waya za ta yi ya ba ni mamaki. Ranar na san ƙarya nake yi. Ga Lastri da muka yi wasan ƙasa tare, da farin mayafin sallah, har furfurar da ta leƙo a goshinta ana gani, har hawayen da ya taru a idonta bai zubo ba. Mbah ta kai yatsa za ta taɓa kuncin, ta janye.

"Allahu Akbar," ta ce a hankali. "Le, jikana, ita ce? Yanzu-yanzu haka take, ko hoto ne?"

"Ita ce, Mbah. Tana jin ki."

"Ta tsufa. Wa ya ba ta izinin tsufa?"

Lastri ta yi dariya da kuka a haɗe. Ta miƙa wa wata ƙawarta wayar ta ce ta ɗaga sama, ita kuma ta ja da baya ta zube a kan gwiwoyinta. Da wayar ta ɗaga sai filin ya bayyana a bayanta. Mata ne namu, 'yan Jawa, ba iyaka, a kan ledoji da dardumai, ga dogayen benaye sun kewaye su har ba a ganin sama. Nan wata ta durƙusa gaban wayar da aka jingina da jaka, can wata ta kifa goshi gaban wadda aka riƙe mata, kowace da tata uwar a wani ƙauye.

Galih yana riƙe da wayar saitin fuskar kakarsa. Ta ture hannunsa.

"Kai ba ka san komai ba. A nan ake yi?"

Ta karɓa da hannu biyu ta kwantar da ita a kan gwiwarta. Muryar Lastri ta fito daga nan, cikin irin harshen girmamawa da ba a yi wa kowa sai iyaye.

"Mbok, uwata, na kawo durƙusona. Duk laifin da na yi miki, na fili da na ɓoye, da tafiyar da na yi kina cewa kar in tafi, ki yafe mini."

Mbah ta ɗora tafinta a kan wayar, daidai inda kan 'yarta yake, tana shafawa.

"Na yafe, Nduk, 'yata. Ni tsohuwa laifina ya fi yawa. Hannun da na hana ki ranar nan, ga shi."

Ni dai na juya ina gyara murfin kwanon da ba abin da ya same shi. Galih ya fita wai zai duba awaki.

Sun daɗe suna hira, har Lastri ta ce lokacinta ya yi. Da fuskar wayar ta yi duhu Galih ya shigo da jajayen idanu, ya durƙusa ya yi nasa sungkem ɗin, sannan ya miƙa hannu.

"To amarya, biki ya tashi. A ba ango kayansa."

"Wane kaya?"

"Wayata mana."

Ta naɗe ta a gefen zaninta ta soke a ƙugu.

"Wayar da 'yata ta durƙusa a ciki ce za ta koma Surabaya tana yawo a kan babur, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta? Ba da ni ba."

"Mbah, ɗazu kika ce aljani ce!"

"Ta musulunta."

"Da me zan yi aiki?"

"Ga rakani-kashi nan. Caji sai Juma'a."

Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya dubi ƙugun tsohuwar inda hannunta yake dafe da wayar, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Na bar miki. Amma ba za ta buɗe ba sai ta ga fuskata."

"To ka koya mata tawa," in ji Mbah, ta tsamo cinyar kaza ta ɗora masa a kwano. "Ai ta ga wuya wajen kallon taka, lokaci ya yi da za ta huta."