Rasuwar Gwaggo, Mai Leƙa Jijiyoyin Zuciya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda yanzu babu sauran mai leƙa cikinta, babbar nas ta sashen masu ciwon zuciya, wadda kowa ke kira Sista, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Gwaggo, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jijiyoyin zuciya. Rai ya yi halinsa yau da hantsi, tana tsaka da aiki, kamar yadda ta rayu.

Marigayiya ta zo asibitin nan tun Sista tana sabuwar ɗauka, tare suka yi furfura. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma Gwaggo ba ta taɓa yarda da fuska ba. Sai an zura siririyar waya ta jijiyar hannu har zuciya, ta haska, ta nuna a allo inda kitse ya taru ya yi ɓawo a bangon jijiya. Ta san ɓawon da ya fashe jini ya daskare a kai, ta san wanda ya ɗan ƙuje kawai. Da abin da ta gani likita ke yanke hukunci, ko a sa ɗan bututun raga a buɗe hanya, ko magani ya wadatar. Ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba, kuma ba ta iya rufa wa mai shan taba asiri ba.

Ba za a ce ba ta da hali ba. Ba ta son zafi ko kaɗan, shi ya sa kowa a ɗakinta yake rawar ɗari. Da safe sai ta yi gyaran murya, "ƙirrr, tit, tit," kafin ta kula kowa. In ta gama da mutum lafiya sai ta sauke numfashi, "fuuu," Sista ma ta sauke nata. Mijin Sista, kafinta ne mai yawan barkwanci, surukarsa yake kiranta, wai ita ke yanke lokacin da matarsa za ta dawo gida.

Ta daɗe tana jinya a tsaye. Allonta ya fara dishi-dishi, jikinta yana ɗaukar zafi. Injiniya ya buɗe cikinta ya ce abin da ya lalace an daina ƙera irinsa, sai dai a lallaɓa. Aka yi ta lallaɓawa.

Ana cikin haka aka kawo kafintan nan asibiti, ƙirji ya riƙe shi a wurin aiki. Bugun zuciya iri-iri ne. Akwai mai toshe jijiya gaba ɗaya, wanda layin takardar gwajin zuciya ke tashi sama kowa ya gani, a ruga da mutum. Akwai kuma mai ta ciki na ciki, wanda ke barin 'yar hanya, mutum yana zaune yana hira alhali ɓawon yana iya ƙarasa fashewa kowane lokaci. Nasa wannan ne. Aka ce shi ne na farko yau, ya kwana da shiri, aka hana shi karin kumallo.

Har an turo gadonsa bakin ƙofar ɗakin Gwaggo sai ga wani direba an shigo da shi, gumi sharkaf, layin takardarsa ya tashi. Ƙa'ida ta ce shi za a fara, kuma Sista ce mai tsara layi. Da hannunta ta juya gadon mijinta, yana tsokanarta wai suruka ta fi son baƙo. Gwaggo ta nuna inda ɓawon direban ya fashe tsaf, aka buɗe masa hanya. Ana cire wayar ta yi "tit," guda ɗaya, allon ya yi baƙi. Ba ta sauke numfashin nan nata ba.

Sista ba ta yi da-na-sani ba, direban yana da rai, yana da 'ya'ya. Amma tsoro take ji, irin wanda ba ta taɓa ji ba a ɗakin nan. Wata na'urar tana gari mai nisa, likita kuma ya ce bai yarda da jijjigar hanya ba. Yanzu magani ake ba mijinta a makance, ba wanda ya san abin da ke cikin ƙirjinsa.

Marigayiya ta bar likitoci biyu da suka koma lalube, da gadonta mai sanyi, da rigunan dalma masu nauyi, na kare ma'aikata daga haskenta, rataye a bango, da masu jira cike da benci.

Za a fitar da ita bayan azahar zuwa ɗakin ajiya da ke bayan wurin wanki, inda za a lulluɓe ta da leda. Ba za a yi zaman makoki ba, ana neman addu'a kawai. Sista tana roƙon masu tura gawar, don girman Allah, su zagaya ta ƙofar baya, kada su bi ta gaban ɗakin maza. Mijinta yana gadon bakin ƙofa, likita ya hana a ba shi labarin da zai tayar masa da hankali. Har yanzu ya ƙi cin komai, ya ce kada a zo kiransa a tarar ya karya doka.