Bawul ɗin da na riƙa kwancewa da hannuna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka tura ni koyarwa Gummi ba, saboda abin da na aikata wa bawul ɗin tankin gidan da nake haya. Iyalina na bari a Funtuwa saboda halin da hanya take ciki. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai masallaci. Mutanen garin akwai gaisuwa, amma ni ban iya kutsa kai cikin majalisa ba, sai na zama wanda ake ce wa "sannu Malam" a wuce. Akwai Asabar ɗin da na wuni ban yi magana da kowa ba sai rediyo (ita kuma ba ta amsawa).

Ana haka bawul ɗin buɗe ruwa da ke ƙarƙashin tanki ya fara yoyo. Mai gidan, Alhaji Garba, ya turo Malam Sahabi mai gyaran famfo, wani dattijo mai bakin zance. Yana naɗa farin tef a haƙoran bututu yana yi mini karatu: a naɗa shi ta wajen da za a murza, a fara ɗaurewa da hannu, sannan a sa sifana biyu, ɗaya ta riƙe bututu ɗaya ta ja. Abin da ya fi jaddadawa shi ne, in an ɗaure kada a kuskura a mayar da shi baya ko kaɗan, don tef ya riga ya matse, ruwa zai sami hanya. Da ya gama na dafa mana shayi, ya ba ni labarin yadda ya taɓa zuwa haƙar zinari Bagega ya dawo ba ko takalmi. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Ya tafi, gida ya koma shiru. Bawul kuwa ya bushe ƙayau, har haushinsa nake ji.

Bayan kwana goma na aro sifana wurin wani makanike (zan so in ce Shaiɗan ne, amma ni na je da ƙafata), na mayar da bawul baya kaɗan, daidai abin da aka hana ni. Ruwa ya soma ɗiga. Na kira Malam Sahabi da muryar damuwa. Ya zo, ya sosa ƙeya, ya sake aiki, muka sha shayi. Sau uku ina yin haka, ni malamin da ke yi wa ɗalibai nasiha kan gaskiya kowace Litinin.

A na huɗu hannuna ya zarce. Kafin in dawo daga makaranta rabin tanki ya tsiyaye, ruwa ya jiƙa gindin katangar maƙwabci. Na tarar da Alhaji Garba da maƙwabta biyu a tsakar gida, Malam Sahabi na tsugune. Alhaji yana ta faɗa, wai tsufa ya cinye masa aiki, ba zai ƙara taɓa famfo a gidajensa ba, kuma zai gaya wa jama'a su nemi wani. Mutumin da sana'ar nan ce cinsa da shansa.

Malam Sahabi ya goge bawul da gefen rigarsa, ya nuna wani layi da ya karta da ƙusa a zuwansa na baya, daga bututu zuwa bawul. Layin ya rabu biyu.

"Alhaji, wanga bawul ba shi kwance kainai. Hannu anka sa mai."

Bai dube ni ba. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Na ce ni ne. Alhaji ya tambaye ni dalili, yana kallona kamar mai taɓin hankali. Na laluba ƙarya ban samu ba, sai na ji bakina yana cewa, "Don ya zo mu yi hira ne." Sai ɗaya daga cikin maƙwabtan ya fashe da dariya har yana dafa bango. Ni kuwa kunya ta rufe ni, ga kuma tausayin kaina, don sai da na faɗa a fili na ji girman kaɗaicin da nake ciki.

Malam Sahabi ya miƙo mini tef da sifana, ya ce tunda na iya kwancewa yau ni zan ɗaura. Na naɗa, na murza. Da zai fita ya ce, "Malam, rumfata na nan bakin kasuwa. In kewa ta ishe ka, taho. Shayi bai buƙatar ka ɓarnatar da ruwan mutane."

Sai da na yi mako uku kafin kunya ta bar ni na je. Na iske an ajiye mini benci, an kuma riga an raɗa mini suna Malam Yoyo. Abin da na koya shi ne, mai son hira ya taka ya je inda ake yin ta. Bawul ɗin da na ɗaura kuwa, har na bar Gummi bai ɗiga ko sau ɗaya ba.