Bugun da Ba Ya Haye Kogi

"Sannu da hutawa, angona. Har yanzu kana nan inda na bar ka?"

"Ina za ni, matata ta tafi yawon duniya? Lemun da na aike ki tun rana na tsaka, a Kafanchan kika tsinko shi?"

Haka Vivian 'yata da kakanta Baba Istifanus suke gaisawa kullum a gidanmu na Unguwar Boro. Ni ina bakin ƙofa ina tsintar wake, hadari ya haɗu ta gabas amma ba shi da niyyar zuba. Shekara biyu ke nan yarinyar nan ta kamu da besbol, wasan da ake jefo maka ƙwallo ka make ta da sanda, ka bi tashoshi uku da gudu ka dawo gida. Ni dai har yau ban gane kansa ba. Abin da na gane shi ne ranar Asabar masu zaɓe za su zo kallon wasansu, su ɗauki 'yan mata uku zuwa horo a Ilori, kuma kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki.

Ta zube lemun a tabarma, ta zauna tana kallon sama.

"Wannan fuskar fa?" in ji Baba. "Wani tsohon ne ya ce yana sonki? Faɗa mini sunansa in je in yi masa jaje."

"Koci ne. Ya ce ranar Asabar, in Christy da ke bugawa kafin ni ta kai tashar farko, kada in buga. Bont zan yi."

"Me za ki yi?"

"In tara sanda kawai, ƙwallo ta taɓa ta faɗi a gabana. Kafin su ɗauka su fitar da ni, Christy ta kai tasha ta biyu."

"Ke kuma fa?"

"Ni na fita. In koma benci."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ashe shekara biyu kina cinye mana tuwo don ki je ki shafa ƙwallo kamar mai gwada ƙwai a kasuwar Sabo! Kin ba ni kunya, wallahi. Ni da kike gani, lokacin da muke aiki a masaƙa a Kakuri, na taɓa make ƙwallo da sandar tsintsiya. Mutanen Kakau suka fito daga gona suna nuna ta, suna cewa sabon wata ne."

"Ina ta sauka?"

"Wa ya ce miki ta sauka?"

"Kai tsoho, ji tsoron Allah! Kai da cokali ya fi ƙarfinka."

"Cokalin girkinki ne ke da nauyi."

Ta yi murmushi, amma idonta na can wajen hadarin. Muryarta ta yi ƙasa. "Ka san abin da nake gani in na rufe ido? Na buga ta tashi. Ta wuce rufin coci, ta wuce Barnawa, ta haye kogi a hankali kamar balbela. Masu kamun kifi su ɗaga kai. Masu zaɓen nan su manta da biro a hannunsu. Ni kuma ina zagayawa, ba ma gudu nake ba, tafiya kawai."

Na daina tsintar wake. Tausayinta ya kama ni sosai, don na san yadda take son tafiyar nan.

"To ki buga mana," in ji Baba, yana ɓare lemu da farce. "Kocin nan mijinki ne? Ni ne mijinki, kuma na ba ki izini. Wannan bont ɗin dabarar ragwaye ce. Ba kin ce mutum uku ake fitarwa a karɓe muku sanda ba? Rai uku gare ku, ki ba da ɗaya kyauta? Ko akuya ba ta yin haka."

"Ba ka gane ba ne, tsufa ya toshe maka kai."

"Buɗe mini."

"In na zage na buga suka cafe a sama, na fita a banza, Christy na nan tsaye inda take. In kuma ƙwallon ta bi ƙasa ta faɗa hannunsu, sai su fitar da mu mu biyu a lokaci guda. Amma in Christy ta kai tasha ta biyu, wadda ke bayana ko ɗan bugu ta yi, Christy ta iso gida. Yarinyar nan gudu take kamar an biyo ta. Da 'yan Nasarawa za mu kara, kuma ci ɗaya ne ke raba mu da su duk shekara."

"Ko jariri ai zai iya tara sanda."

"Abeg! Ka tsaya gaban ƙwallon da ke zuwa kamar dutse, ka sassauta hannu, ka kwantar da ita daidai inda ba kowa? A cikinmu duka ni kaɗai ce na iya. Shi ya sa koci ya..."

Sai ta dube shi, shi kuma ya duƙufa kan lemunsa kamar bai san komai ba.

"Tsohon nan, da gangan ka yi."

"Ni? Ni da kaina ya toshe?"

"In ba su ɗauke ni ba fa?" Wannan karon babu wasa a muryarta. "Ba wanda ke kallon wadda ta fita."

"Mai yiwuwa ba za su ɗauke ki ba," in ji shi. "Ba zan yi miki ƙarya ba." Sai ya kwashe da dariya ya ɗaga hannu biyu. "Amma gardama kam kin kayar da ni, na sallama. Ki faɗa wa uwarki ta goge mini babbar rigata ta zuwa sujada, ranar Asabar da ni za a je. A sa mini kujera dab da bencin nan naku."

"Daga can ai ba ka ganin Christy da kyau."

"Ina ruwana da Christy? Filin duka su bi ta da ido. Ni matata zan zo kallo, lokacin da za ta fita."