Bencin Mai Girma da Gwiwoyin Talakawa

Jama'a, ina rubuta muku wannan ne ƙafafuna cikin bahon ruwan zafi, domin tun ranar Asabar rabona da jin gwiwoyina. Suna nan, ina ganinsu, sun yi jajir kamar naman da mahauci ya rataye, amma ba ma ga maciji da juna, kowa harkarsa yake.

Ga yadda aka yi. Injin ɗumama zauren garinmu na Glenarvie ya mutu tun kafin sanyi ya kankama. Zauren nan kuwa shi ne mafakar tsofaffinmu. Can suke wuni, su sha romo, su yi gulmar 'ya'yansu da suka gudu birni, su koma gida da sauran numfashi. Baba Murdo, mai busa mana algaitar jaka, tari ya riga ya kama shi, likita ya ce masa ƙirjinsa ba zai ɗauki wani hunturun babu ɗumi ba. Mun kai kuka har muryarmu ta dushe.

Kwatsam sai ga saƙo: Mai Girma Shugaban Kwamitin Jin Daɗin Al'umma, Allah ya ƙara wa motarsa ɗumi, zai zo da kansa ya ƙaddamar da abin da zai share hawayen tsofaffi. Sharaɗi ɗaya ne. Masu ɗaukar hoto za su zo, don haka kowane namiji ya fito bakin teku cikin kilt, zanen ulunmu na gado, kuma yadda kakanni suka sa shi, wato babu komai a ƙasa. A watan Janairu!

Matata Ishbel ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai Lachlan, kakannin naka da kake gani, tafiya suke yi a cikinsa, ba tsayuwar jiran wani ƙato ba."

Na ce mata, "Don Baba Murdo ne. In tsayuwar za ta kawo inji, a tsaya."

Duk ɗan ƙasar nan ya san yadda ake zama lafiya da kilt cikin sanyi. Ka sa mai nauyi, na ulun gaske, ninkinsa a baya ya taru ya yi kauri kamar bargo. Ka ja doguwar safa har ƙarƙashin gwiwa, biyu ma in kana da su. Ka ba iska baya, kada ka daina motsi. In za ka zauna, ka sa hannu ka share ninkin ƙarƙashinka, ka zauna a kan ulu. Ba a makaranta ake koyon wannan ba, sanyi ne ke koya wa mutum, kuma sau ɗaya yake koyarwa.

Ranar Asabar muka jeru a bakin teku, iska na shigowa ta ƙasa tana gaisawa da duk inda ta ga dama. Maƙwabcina Torquil ne kaɗai ke murmushi. Na dubi ƙafafunsa, sai na ga gashinsu ya kwanta lif, suna wani sheƙi.

Na ce, "Mutumina, yaushe ƙafafunka suka yi kyau haka?"

Ya ce, "Rufa mini asiri. Doguwar safar matata ce, mai launin fata, har ƙugu."

"Kai, ka ci amanar kakanni!"

"Kakannin sun mutu, Lachlan. Ka taɓa tambayar abin da ya kashe su?"

Baba Murdo na busa yana tari, har ba ka bambance wanne ne kiɗan. Mai Girma bai iso ba sai da leɓunanmu suka koma shuɗi. Ya fito daga mota, tururin ɗumi na binsa, shi ma da kilt, sabo fil, shara-shara, irin wanda ake sayar wa baƙi 'yan yawon buɗe ido. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Wayyo, ya juya shi!" Haka ne kuwa. Ninkin da ya kamata ya rufe baya yana gaba, yana rawa a kan tumbinsa. Ba wanda ya gaya masa. Mu wa, da za mu gyara wa manya ɗaurin zane?

Ya yi jawabi a kan jarumtar kakanninmu da ba su san sanyi ba. Ya yaba wa gwiwoyinmu. Sannan ya fizge ƙyallen da aka lulluɓe kyautar da shi.

Benci ne, jama'a. Bencin ƙarfe, yana fuskantar teku, an zana sunan Mai Girma a jikinsa. Wai don tsofaffi su riƙa zama suna shan iska. Iska! Abin da muka rasa kenan a Glenarvie.

Baba Murdo ya sauke algaitarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, injin fa?"

Mai Girma ya ce ana nazari, ya juya wajen masu hoto, ya yi fuskar uban talakawa. Maimakon ya share zanen ƙarƙashinsa, sai ya ɗage shi ta baya ya baza, don kada ya yamutse a hoto, ya dire a kan ƙarfen da ya kwana yana shan ƙanƙara. Gaskiya a yaba masa, ya cika sharaɗin da ya kafa mana, babu komai a ƙasa.

Murmushin ya daskare a fuskarsa. Ya yunƙura zai tashi, benci ya ce ba yanzu ba. Fata ta kama ƙarfe ƙam. 'Yan rakiyarsa suka kama hannuwansa za su ja, ya kurma ihun da ya kori tsuntsayen teku.

"Ruwan ɗumi! Ku ɗebo ruwan ɗumi a zauren can!"

Torquil ya ce, "Ai ranka ya daɗe, ruwan zauren ana nazarinsa."

A duk taron, mutum ɗaya ce ke da abu mai ɗumi. Ishbel ta fito da filas ɗin shayinta, ta buɗe a hankali, ta tsiyaya wa Baba Murdo kofi guda tukuna, sannan ta tsaya gaban Mai Girma tana kaɗa sauran.

Ta ce, "Sannu da hutawa, ranka ya daɗe. Ya daɗin bencin? Shayin saura kaɗan fa, ga mijina ma yana so. Me ka ce game da inji?"

Ya rantse a gaban jama'a da masu hoto cewa kafin mako ya zagayo za a kawo na'urar ɗumamawa Glenarvie. Ishbel ta zagaya bayansa ta tsiyaya inda ya manne, da madara da sukari da komai. Mai Girma ya ɓanɓaru, ya nufi mota yana tafiya kamar wanda ya yini a kan doki, ya bar wa benci ɗan abin tunawa.

Kuma ku shaida, bai saɓa alkawari ba. Shekaranjiya ma'aikata suka zo da waya da na'ura sabuwa dal, suka wuce ta ƙofar zaure ko kallo bai ishe su ba, suka ɗaura ta ƙarƙashin benci. Kwamiti ya zauna, ya gano cewa babbar barazana ga lafiyar al'umma a garinmu ita ce sanyin ƙarfen nan.

Yanzu zaure na nan a daskare, tsofaffinmu kuma sun koma bakin teku, suna karɓa-karɓar zama a kan bencin. Na tarar da Baba Murdo a kai jiya, dusar ƙanƙara a hularsa, yana tari. Na tambaye shi jiki, ya ce rabinsa na ƙasa ya koma saurayi, na saman kuma fasto yake jira ya yi masa addu'ar ƙarshe.

An ce Mai Girma zai dawo ya ƙaddamar da na'urar, kuma za a sake neman mu cikin kilt. Ni dai na riga na aika Torquil ya tambayo matarsa ko tana da wata safar. Ishbel kuwa ta ce za ta zo da filas cike, kuma ko harshen Mai Girma ne ya manne a ƙarfe, a gabansa za ta shanye abinta.