Ranar da Na Saya wa Mota Ƙanƙara

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da rawar kai ta ja mini a shekarata ta biyu a Riyad. Ina aikin wayar mota a wani gareji a Sulay, iƙamata, wato takardar izinin zama, saura wata guda ta ƙare, kafilina kuwa, ubangidan da nake zaune a ƙarƙashinsa, ya yi gum a kan sabuntawa. Ko zama wuri ɗaya ba na iyawa.

Ana haka mahaifinsa ya kawo wata jar motar tsere mai kujera biyu, wadda ta girme ni nesa. Yana so a sa mata ɗan akwatin lantarkin nan na zamani mai ba fulogi wuta. Na yi caraf na karɓi aikin, don in burge tsoho ya yi mini magana wajen ɗansa.

Malam Idi, mutumin Maraɗi da ya daɗe a garejin, ya leƙo ya ce, "Ƙanena, kai shi cikin mota, ƙarƙashin dashbod. Abin nan ba ya son zafi."

Na ce, "Haba Yaya Idi, wa zai gan shi a can?"

Gaskiyar ke nan, so nake a gani. Na ɗaure shi a jikin ƙarfe dab da bututun salansa, inda da an ɗaga bonet shi ne zai fara ƙyalli. Na jera wayoyi kamar kitso. Na gwada, ta tashi lafiya lau (bonet a buɗe, fanka tana kaɗawa, kun ji gwajin gwani).

Washegari bayan azahar, tsakiyar watan Yuli, tsoho ya ce in raka shi unguwar Badi'a mu ji lafiyar motar. Ina ta zuba, har da cewa a Kano layi ake yi mini. Muna shiga cunkoson Shumaisi sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Hon ta ko'ina. Tun kafin in buɗe bonet na san mai laifin.

Na ce, "Ma fi mushkila, Baba," wato ba matsala, na ruga kanti na sayo ledar ƙanƙara, na naɗe a hulata na danna a kan akwatin. Ya huce, ta tashi. Ba mu yi nisa ba ta sake mutuwa. Na sake rugawa. A karo na uku, ina tsaye kai ba hula, riga sharkaf, mutane na ɗaukata a waya, tsoho ya leƙo ta taga ya ce, "Ya waladi, ɗana, shekara arba'in ina tuƙa ta, ban taɓa saya mata ƙanƙara ba."

Wallahi na ji kunya, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa mutanen gida idan aka sallame ni.

Malam Idi ne ya zo ya jawo mu. Ya ƙara waya, ya mayar da akwatin ƙarƙashin dashbod. Da kafili ya tambaye shi, cewa ya yi ai ni na gano matsalar nan take. (Bai yi ƙarya ba, ni na haɗa ta.) Aka sabunta iƙamar.

Tun daga nan, kafin in ɗaure komai a mota sai na bari injin ya yi zafi, in ɗora tafin hannuna a wurin. In na cire da sauri, sai in je in tambayi na gaba da ni.