Yadda Za Ka Kai Madarar Mbarara Dubai

Kai da aka ba kujerar shugabanci jiya, kake zaune kana jin tsoron a gane ba ka san komai ba, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai yi tashe. Ba daga littafi na kwaso su ba, a kan idona Kamugisha ya bi su sa'ad da ya zama manajan ƙungiyar masu madara ta unguwarmu a Mbarara, kuma yau ƙafarsa ba ta taka kashin shanu.

1. Fara da samun kawu

Kawun Kamugisha shi ne shugaban kwamitin ƙungiyar. Idan kai ba ka da kawu irin wannan, tsaya nan, koma ka gyara danginka tukuna.

2. Je taro a Kampala

Kada ka soma aiki da zagaya wurin aiki, wannan halin ƙananan ma'aikata ne. Kamugisha otal ya nufa, taron koyon shugabanci, ya ci kaza, ya dawo da gorar ruwa mai tambari da kalma guda: zafin nama. A can aka gaya masa shugaba ba ya jira. Mu kuwa muka ga ko gaisuwa ya daina jira a ƙarasa.

3. Yanke hukunci kafin a gama yi maka bayani

Shekara da shekaru motar wata masana'anta ce ke zuwa kowace safiya ta kwashe madarar da makiyaya suka tara. Farashin ba yabo ba fallasa, amma ba ta taɓa fashi ba. Safiyar Litinin Kamugisha ya tare direban a bakin ƙofa, ya ce ya juya, daga yau sun fi ƙarfin ƙaramin ciniki. Direban ya ɗauka wasa ne, har ya miƙa hannu a tafa. Da ya ga fuskar manaja, ya ja motarsa.

Mataimakiyarsa, Ninsiima, ta hango ɓarnar da ke tafe, amma tana da 'ya'ya a makaranta, ga miji ba aiki. Ta tafa. Ta fi kowa tafi. Masu cewa sannu ba ta hana zuwa, duba su da kyau, har yau a kan keke suke.

4. Ɗauko burin da ba wanda zai iya aunawa

Idan ka ce za ka gyara injin sanyaya madara, gobe za a leƙa a ga ba ka gyara ba. Saboda haka ka ce Dubai. Kamugisha ya sa aka rubuta a bango da jan fenti cewa madarar Mbarara za ta shiga shayin Larabawa kafin Kirsimeti. Wa zai saya a can, wane jirgi zai ɗauka, duk ya ce tambayoyin masu ƙaramar zuciya ne. Tankin ƙungiyar kuwa madarar wuni ɗaya yake ɗauka.

5. Ɗauki koci

Da aka ce manaja ya kawo koci, samarin unguwa sun zo da takalman ƙwallo. Ashe kocin shugabanci ne, wani Mugabi daga Kampala, mai takalmi kamar bakin kada, wanda sana'arsa ita ce kada ya amsa tambaya. Kamugisha ya shaida masa tanki ya cika, makiyaya na layi a kan babura da garewaninsu, yaya za a yi? Koci ya karkata kai ya ce, "To kai, a can cikin zuciyarka, me kake gani?"

Kamugisha ya ce yana ganin jirgi. Aka tara ma'aikata gindin mangwaro, suka riƙe hannun juna, suka rufe ido, kowa ya hango jirgin. Rana na dukan garewani a waje.

6. Idan abu ya lalace, sake masa suna

An ce ruwa ba ya tsami banza. Madara ma haka, sai da shugabanci. Kafin ƙarshen mako an tuttular da ita a kwatar bayan ofis, aladun maƙwabta suka yi ƙiba, wari ya hana mutane cin matoke, tuwon ayabarsu, a gidajensu. Kada ka ce asara. Kamugisha darasi ya kira ta.

Makiyaya suka cika harabar. Wata tsohuwa, Kembabazi, wadda shanunta biyu ke ciyar da jikokinta, ta ratsa mutane har gaban teburinsa. Ya ce mata, "Kaka, ki yi haƙuri, tafiyar mai nisa ce."

Ta ce, "Ɗan nan, ni na kai wa uwarka madara tana jegonka. Da na san abin da take shayarwa, da maraƙin na bar wa."

Ya rubuta maganar, ya ce zai tattauna ta da kocinsa.

7. Bar jaki, daki taiki

Kwamiti zai zauna, kuma kwamiti ba ya tashi sai ya ci mutum. Kamugisha ya yi bayani a nutse cewa burin lafiyarsa lau, cikin ma'aikata ne akwai mai shakka a zuci, ita ta karya tafiyar. Koci ya tabbatar, ya ce ranar gindin mangwaro ya lura Ninsiima ba ta rufe ido sosai ba. Ta rantse ta rufe. Ta roƙi kawun manaja da girman Allah, ta ambaci 'ya'yanta. Da la'asar ta fita da kwalin kayanta a ka, ba wanda ya raka ta ko bakin titi.

8. Tashi kafin a waiwayo

Wata bai cika ba Kamugisha ya sami babban muƙami a wata ƙungiya a Kampala, don ya shaida musu shi ne ya girgiza harkar madara a yammacin ƙasa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Masana'antar ta riga ta sami wasu masu kawo mata. Makiyayanmu yanzu a bakin hanya suke tsayawa da asuba, dillali ya taya yadda ya ga dama, su sallama.

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, ban riƙe hannun kowa ba. Idan ka bi ta aka ƙara maka girma, ba sai ka gode ba. Idan kuwa mutanen da ka shugabanta suka gano ƙofar gidanka da sanduna, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Fito ka tambaye su, a can cikin zuciyarsu, me suke gani.