Pak Eriya, Garkuwan Intanet

Duk birnin Semarang babu wanda ya kai Pak Wiryawan Kusnadi son daidaito. Pak da Bu su ne Malam da Malama a can. Shi da kansa ya sha faɗar son daidaiton nasa, kuma mutum irinsa ba a ƙaryata shi. Tun da ya yi ritaya daga aikin inshora ya gano cewa domin ceton intanet aka haife shi. Ya kafa Ƙungiyar Kare Intanet na Talaka, ya zaɓi kansa shugaba babu hamayya, ya haɗa da muƙamin kakaki don kada nauyi ya yi wa wasu yawa. 'Yan unguwa suna kiransa Pak Eriya, saboda kullum hannunsa na sama da waya yana neman sabis. Shi ya ɗauka sarauta ce.

Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Wani kamfanin sadarwa ne ya shirya raba intanet gida biyu: shafukan manyan kamfanoni su buɗe nan take, na ƙananan 'yan kasuwa su riƙa jan ciki. Masu sayar da atamfar batik ta waya, da 'yan acaba, da ɗalibai, hankalin kowa ya tashi. Pak Eriya kuwa ya ga lokacinsa ya yi.

Kowace safiya yakan yi wa masu shan kofi a rumfar bakin kasuwa jawabi, ko sun nema ko ba su nema ba.

"'Yan uwana talakawa, saƙon minista da saƙon mai suyar awarar tempe layi ɗaya za su bi. Babu babba, babu ƙarami. A kan wannan zan mutu."

Yana faɗa, wayarsa da kwamfutarsa da 'yar fankarsa sun cinye duk soket ɗin rumfar. Talakawa suna riƙe da caja a hannu suna gyaɗa kai.

A gida ma adalcinsa bai ɓuya ba. Ya sa an saita na'urar intanet yadda ɗakinsa zai kwashe mai tsoka. Matarsa, Bu Ratmini, wadda ke soya lumpiya, wata irin samosa, tana tallarta ta waya, ita ke lasar abin da ya rage.

"Pak, hoton lumpiyata tun ɗazu yake juyawa, ya ƙi tafiya."

"Ki yi haƙuri, Bu. Jawabi nake ɗorawa a kan daidaito. Al'umma na jira."

Da majalisar birni ta kira taron jin ra'ayin jama'a, Pak Eriya ya saka rigar batik ɗinsa ta zuwa biki, ya shafa mai a gashi, ya nufi kujerun gaba kai tsaye. Wata ma'aikaciya ta tare shi, ta nuna masa layi.

"Mbak, 'yar nan, kin san ko ni wane ne?"

"Na sani, Pak. Kai ne na bayan wancan mai hular kwano."

Ya rage murya. "Babu wata ƙofa ta musamman ga manyan baƙi?"

"Ai na ɗauka ita kuka zo rufewa."

Ya bi layi yana huci. Ɗan acaba ya yi magana ya zauna. Wata ɗaliba ta ce idan aka rage wa shafin makarantarsu gudu, karatunta ya tsaya. Mai batik ta ce ba ta da shago sai wayarta. Kowa 'yan mintoci aka ba shi, daidai wa daida, kuma wannan ne ya fi ƙona wa garkuwan daidaito rai.

Da aka zo kansa, ya gyara wuyan riga, ya gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ya jero muƙamansa. Ya koma ƙauyensu ya ɗauko tarihin yarintarsa, da yadda malamai suka hango girma a goshinsa. Sannan ya ɗaga yatsa.

"To, yanzu zan shiga maganar intanet."

Ƙararrawa ta kaɗa. Aka kashe makirufo. Pak Eriya bai lura ba, ya ci gaba da wuwwurga hannu, bakinsa na motsi kamar kifi a kwando, har na bayansa ya dafa masa kafaɗa.

Ganin yawan jama'a da zafin koke, kamfanin ya janye shirinsa. Pak Eriya ya karɓi nasarar cikin tawali'u, ya ce ba shi kaɗai ba ne, ko da yake ya kasa tuna sauran. Ya ɗora bidiyon jawabinsa, ya zauna a falo yana jiran duniya. Bidiyon na buɗewa cikin ƙiftawar ido ga mai kuɗi da talaka, babu mai tare masa hanya.

Can sai ya zabura. "Bu, zo ki gani. An fara. Ga mutum ɗaya ya kalla."

Bu Ratmini ta leƙo daga kicin tana goge hannu a zani.

"Ni ce, Pak. Yatsana ne ya zame."